Fatalwowin Amurka Sun Iso Zuru, Ina Namu Dodannin?

Kwanan baya na halarci bikin sallamar ɗalibai a wata makaranta da ke nan garin Zuru. Bayan an gama jawabai da rabon kyaututtuka, sai aka ce yara za su yi wasa. Can sai ga samari wajen goma sha biyu sun fito sanye da tsummoki, sun shafe fuskokinsu da toka da gawayi, suna tafe suna jan ƙafa kamar waɗanda aka tono daga kushewa. Na gabansu ya sa jar riga. Da kiɗa ya tashi suka lanƙwashe hannuwa, suka karkata kawuna, suka shiga takawa tare ba mai saɓa wa ɗan'uwansa. Fili ya ɗauki sowa. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya yi salati, ya tambaye ni ko wane irin bori ne wannan. Na ce, "Baba, ai rawar wani mawaƙin Amurka ce, shi ma ya rasu tun 2009." Ya jinjina kai ya ce, "To, mu dai namu matattun ba su rawa. Kwance su ke, ana girmama su."

Wannan magana ta dattijo ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na ga akwai abin da ya kamata mu tattauna a kanta, musamman ma'aikatan hukuma da ke riƙe da sha'anin al'adu, da kuma ɗalibanmu waɗanda su ne masu yin rawar.

Ga wanda bai sani ba, waƙar da yaran suka taka sunanta Thriller, mai ita kuwa Michael Jackson. Ta fito a cikin faifansa mai wannan suna a ƙarshen watan Nuwamba 1982. Wani Bature ɗan Ingila, Rod Temperton, shi ya rubuta ta, Quincy Jones ya tsara kiɗan. Bayan shekara guda, ran 2 ga watan Disamba 1983, tashar talabijin ta MTV ta nuna hotonta na bidiyo, wanda tsawonsa ya kusa minti 14, alhali kuwa irin waɗannan hotuna a wancan zamani ba su cika wuce minti huɗu ko biyar ba. Labarin ciki gajere ne. Saurayi da budurwa sun fito daga gidan silima da dare, suka bi ta gefen maƙabarta, matattu suka fasa kaburbura suka kewaye su, saurayin ma ya rikiɗe ya zama ɗayansu, ya ja su rawa. Daga baya yarinyar ta farka kamar mafarki ta yi, amma da saurayin ya waiwayo sai aka ga idanunsa ba irin na mutane ba ne.

An kashe wa wannan aiki kimanin dala 500,000, kuɗin da ba a saba jin an zuba wa hoton waƙa guda ba. Kamfanin faifan bai yarda ya ɗauki nauyin duka ba, sai aka yi dabara aka ɗauki wani fim na dabam da ke nuna yadda aka shirya aikin, aka sayar wa tashoshin MTV da Showtime, aka sami abin cikawa. A 2009 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi cikin jerin finafinan da ƙasar ta ɗauki alkawarin adanawa, kuma shi ne hoton waƙa na farko da ya sami wannan matsayi.

To, ra'ayina shi ne, yaranmu sun ɗauki fatar wannan aiki sun bar naman. Abin da ya sa Thriller ta wuce shekara arba'in ba ta tsufa ba abubuwa biyu ne, kuma ko ɗaya daga cikinsu ban gani ba a filin makarantar nan.

Na farko shi ne girmama sana'a. Jackson yana da shekara 25 a lokacin, sunansa ya riga ya game duniya, amma bai ce shi zai yi kome da kansa ba. Ya nemo John Landis ya ja ragamar ɗaukar hoton, domin ya ga wani fim ɗinsa na 1981 mai labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama dabba. Ya nemo Rick Baker, gwanin sāke kamannin fuska, ya yi wa matattun kwalliyarsu. Michael Peters ya taya shi tsara rawar. Tsohon ɗan wasan finafinan ban tsoro, Vincent Price, shi ne mai muryar nan da a ke ji kusa da ƙarshen waƙar. Watau kuɗin nan da mu ke jin yawansu ga ma'aikata suka tafi, kowa aka ba shi fannin da ya ƙware, aka kuma ba shi lokaci. Mu kuwa a nan sau da yawa mawaƙi shi ne marubuci, shi ne mai ba da umurni, shi ne mai ɗinkin kaya, a ɗauki hoto da hantsi a sake shi a intanet kafin magariba.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne Jackson bai je wata ƙasa aron abin tsoro ba. Matattun da ke fita daga kabari, da mutumin da ke rikiɗa idan wata ya cika, duk abubuwa ne da yaran Amurka suka tashi suna kallo a gidajen silima tun shekarun 1950. Su ne tatsuniyoyinsu na dare. Shi ya sa har yanzu, duk ƙarshen watan Oktoba, lokacin bikinsu na Halloween da yara ke shigar fatalwa suna bi gida gida, waƙar ta kan sake tashi. Gonar gidansu ya noma. Yaron Zuru da ya shafa toka ya kwaikwaye shi, komi iyawarsa, ɗan ƙodago ne a gonar wani.

Shin mu ba mu da gonar ne? Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san amsa. A tatsuniyar Hausa akwai Dodo mai haɗiye mutane, da Gizo da Ƙoƙi, da fatalwa, da maye mai kama kurwa, da labaran aljanun da ke zaune a gindin tsamiya da kuka. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku, daga baya kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu a cikin Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. A nan masarautar Zuru, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, Dakarkari da maƙwabtansu suna da nasu rumbun na dabam. Akwai bikin Uhola da a ke yi bayan an kawar da amfanin gona, da raye-rayensa da kayan adonsa. Akwai Golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Akwai kadojin Girmache da labaran da a ke bayarwa a kansu. Akwai tatsuniyoyin da tsofaffi mata ke yi da harshen C'lela, waɗanda yawancinsu a cikin kawunan tsofaffin kawai su ke. Mai neman labarin da zai sa tsigar jiki ta tashi, ya kuma bar wa mai kallo abin tunani, bai rasa ba a nan.

Sai dai a nan ne maganar dattijon nan ta ke da nauyi. Dakarkari sun shahara da tukwanen yumɓu masu siffofin mutane da dabbobi, waɗanda mata ke ginawa a ɗora a kan kaburburan manyan mutane domin tunawa da su. Yau wasu daga cikin waɗannan tukwane suna ajiye a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan gargajiya a Turai da Amurka. Al'ummar da ta ƙawata kabari haka, maƙabarta ba wurin wasa ba ce a gare ta. Musulunci da Kiristanci, waɗanda jama'ar ƙasar nan ke bi a yau, su ma sun hori a mutunta mamaci. Saboda haka mawaƙin da ya tashi yin irin wannan aiki a Zuru dole ya san inda zai tsaya. Dodon tatsuniya abin wasa ne tun fil azal, kowa na iya sa shi a hoto. Kabarin kakan wani da wuraren da mutane ke ɗauka da tsarki, sai da izinin masu su, in sun hana kuma a haƙura.

Na san akwai masu cewa duk wannan shiririta ce, gara a hana baki ɗaya, domin waƙar fatalwa na iya gurɓata imanin yara. Wannan damuwa ba ta raini ba ce, shi kansa Jackson ya sha fama da ita. A lokacin yana bin ɗarikar Shaidun Jehobah, shugabanninta kuwa ba su ji daɗin aikin ba, har ya so a lalata fim ɗin. Daga ƙarshe aka daidaita a kan a sa sanarwa a farkonsa cewa ba ya nufin goyon bayan tsafi ko sihiri. Amma mu ai mun riga shi samun wannan magani. Kakanninmu kan buɗe tatsuniya da "Ga ta nan, ga ta nanku", su rufe da "Ƙurunƙus", kowane yaro kuwa ya san abin da ke tsakanin kalmomin nan biyu ƙage ne. Ba mu taɓa jin wanda ya bar salla ko ya daina zuwa coci don an ba shi labarin Dodo ba. Hani kuma ba zai yi aiki ba, tun da wayar da ke aljihun yaro ba ta neman izinin kowa. Abin da hani zai haifar kawai shi ne a bar wa baƙi filin su kaɗai.

Akwai kuma masu wata hujja da ta fi wannan ciwo. Su kan ce, mutanen da ke kwana da tsoro na gaskiya me za su yi da tsoron wasa? Gaskiya ne ƙasar Zuru ta ga tashin hankali a 'yan shekarun nan. A watan Maris 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai masu yawa a yankin Sakaba, a watan Nuwamba 2025 kuma aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da dare aka sace ɗalibai. Ba wanda zai ce waƙa za ta tsare ƙauye, wannan aikin hukuma ne, kuma a kanta ya ke. Amma mu tuna cewa tatsuniyoyin nan ba a zamanin kwanciyar hankali aka ƙirƙiro su ba. An yi su a zamanin hare-hare da kamun bayi, lokacin da mutane ke fakewa a kan duwatsu. A cikinsu Dodo ya kan haɗiye gari, amma daga ƙarshe wani ƙaramin yaro ko wata tsohuwa mai dabara ta kan farke cikinsa mutane su fito. Yaron da ya tashi da irin wannan labari ya koyi cewa abin tsoro yana da iyaka. Ina ganin yaranmu na yau sun fi kowa bukatar wannan darasi, kuma sun fi bukatarsa da harshen da uwarsu ta yi musu reno da shi.

To, me ya kamata a yi? Ba na roƙon gwamnati ta ɗebi dukiyar jama'a ta ba wani mawaƙi ya yi hoton waƙa, ga asibitoci da hanyoyi suna jira. Abin da na ke roƙo ƙarami ne. Ma'aikatar da ke kula da al'adu a Birnin Kebbi, tare da ƙananan hukumomin nan huɗu da majalisar masarauta, su tura ma'aikata ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, a naɗi tatsuniyoyi da waƙoƙin tsofaffi da C'lela da Hausa da sauran harsunan yankin, a rubuta sunan wanda ya faɗa da garinsu, a ajiye inda ɗalibi zai iya zuwa ya saurara. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta taimaka a ƙididdige tukwanen kaburbura da suka rage kafin 'yan kasuwa su kwashe. Mun ga abin da kulawa ke jawowa a cikin wannan jiha tamu: bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, don an daɗe ana tattalinsa. Uhola ba ta gaza ba, tattali ta rasa.

Ku kuma ɗalibai, na sakandare da na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, wayar da kuka koyi rawar Jackson da ita tana iya naɗar muryar kakarku. Ku zauna da ita da dare ku roƙe ta tatsuniya, ku tambaye ta ma'anar kalmomin da ba ku gane ba. Wanda ya iya kiɗa ya nemi wanda ya iya rubutu, su nemi maɗinki da mai zane da mai kyamara, kowa ya tsaya a fanninsa, a yi ta gwaji har abin ya nuna. Masu shirya finafinan Hausa a Kano da kaɗan suka fara, lokacin da suka fitar da Turmin Danya a 1990, ga shi yau sana'ar tana ciyar da dubban mutane.

Samarin nan goma sha biyu sun nuna suna da ƙafa da kunne da haƙurin koyo, domin rawar da suka yi ba a iya ta a kwana ɗaya. Fatana shi ne bikin baɗi su fito mana da Dodon da dattijon nan zai gane, har ya gyara musu inda suka yi kuskure. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya, amin.