Filin Lafiyar Iyali: Antibiyotik a Ɗakin Haihuwa, Yaushe Kuma a Hannun Wa?

  

Akwai wata al'ada da ta shigo gidajenmu ba da sallama ba, har ta samu wurin zama. A da, idan mace ta sauka, abin da maigida ke tanada shi ne itacen wanka, da kanwa, da gero, da ƙauri, da kayan yaji. Yanzu an ƙara abu guda a kan waɗannan, wato kafso. Sai ka ga miji ko uwar miji ta tsai da mai tallar magani a ƙofar gida, ta sayi ƙwaya shida ko goma na kafson nan mai launi biyu, ta miƙa wa mai jego, wai don ya wanke mata ciki. Niyyar kyakkyawa ce, kuma ba a kan iska aka gina ta ba, domin lalle maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibiyotik, ya zama sanadin tsirar mata da jarirai masu ɗimbin yawa. Sai dai wanda ke tsirar da su shi ne wanda aka zaɓa daidai da larura, aka ba da shi a kan sa'arsa, a hannun wanda ya koyi aikin.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin jariri na cikin faya, a rufe yake, ƙwayoyin cutar waje ba su da hanya zuwa gare shi cikin sauƙi. Da zarar faya ta fashe, ƙofa ta buɗe. Bayan haihuwa kuma, wurin da mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa ɗanyen ciwo ne mai faɗin tafin hannu, ko da yake ido ba ya ganinsa. Duk hannun da ya shiga ba wanki, duk tsumman da aka sa, duk rezar da aka yi yankan gishiri da ita, suna iya kai ƙwayar cuta ga wannan ciwo, daga nan ta wuce cikin jini. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2014 ta nuna cewa cikin kowace mace 10 da ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 1 wannan ne ajalinta.

Turawa ma sun daɗe suna binne matansu kafin su gane bakin zaren. A 1847, a babban gidan likita na birnin Biyana, wani likita mai suna Semelwais ya tilasta wa ɗalibansa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mai naƙuda. A watan da ya gabaci wannan doka mata kusan 18 cikin 100 suka mutu a sashensa, amma cikin ƴan watanni adadin ya sauko ƙasa da 3. Maganin da ke kashe ƙwayar zazzaɓin jego kuwa bai shiga hannun likitocin haihuwa ba sai wajen 1936, a Landan. Wankin hannu ya girmi antibiyotik da kusan shekara 90, kuma har gobe shi ne a gaba.

To yaushe ake ba da maganin tun cuta ba ta kama ba? Shawarwarin da OMS ta wallafa a 2015 sun fayyace mafi yawan wuraren. Na farko shi ne tiyatar fidda jariri. Ana yi wa mace allura ɗaya ta jijiya, sefazolin ko wani daga dangin penisilin, minti 30 zuwa 60 kafin wuƙa ta taɓa fata, domin maganin ya riga ƙwayar cuta isa wurin yankan. Na sha jin dangi na gunaguni cewa an yi wa ƴarsu aiki amma ba a rubuta mata maganin mako guda ba, sai su tafi farmasi su ƙaro da kansu. Wannan ba rowa ba ce daga likita. An gwada an gani, a aikin da ya tafi lafiya allura ɗaya a kan lokaci tana yin abin da na kwana bakwai zai yi, ba tare da ɓarnarsa ba. Haka kuma ana ba da magani idan mabiyiya ta maƙale har sai da aka sa hannu aka ciro ta, da idan mace ta ƙaru ƙari mai tsanani da ya kai ga dubura, da idan an janyo jariri da na'ura. A kan wannan na ƙarshe, wani gwaji da aka buga sakamakonsa a Ingila a 2019 ya nuna allura ɗaya ta rage masu kamuwa daga 19 cikin 100 zuwa 11.

Saura maganar faya, kuma a nan ne nake roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau. Idan faya ta fashe alhali ciki bai cika mako 37 ba, ana ba mace antibiyotik na kwanaki, galibi eritromisin, don a kare ta a kuma ƙara wa jariri kwana a ciki. Akwai ma irin da aka hana a wannan hali, domin an ga yana yi wa hanjin bakwaini lahani, kuma mai tallar magani bai san wannan bambanci ba. Idan ciki ya isa haihuwa, faya ta fashe, aka shafe fiye da awa 18 ba a sauka ba, nan ma haɗari ya ƙaru ga uwa da ɗa, kuma ma'aikata kan fara magani. Ke nan sa'ar da ruwa ya zubo abu ne da ya kamata a riƙe a faɗa wa ungozomar likita. Amma mene ne ke faruwa a gidajenmu? Yarinya mai cikin fari ta ga ruwa ya zubo mata da hantsi, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta ci gaba da daka da shara don kada a ce ba ta da dauriya. Sai dare ya raba ake ganewa, sannan a kira tsohuwa ta duba, maƙwabciya ma ta duba, a kawo rubutu, a jira gari ya waye. Kunya ado ce ga ɗiya mace, ba mai musun haka, amma addini bai ɗora wa kowa ya ɓoye abin da zai halaka shi ba. A gidan likita ma, ƙa'ida ita ce a duba mai naƙuda da hannu sau ɗaya cikin awa 4, da safar hannu mai tsabta, saboda kowane dubawa na iya tura ƙwayar cuta ciki.

Macen da ta sauka lafiya kuwa, ba tsayawar naƙuda, ba zazzaɓi, shawarwarin na 2015 ba su yarda a ba ta antibiyotik haka kawai ba, ko da an yi mata ɗan ƙari an ɗinke. Kafso biyu yau, ɗaya gobe, ba ya kashe ƙwayar cuta, sai dai ya koya mata jure wa magani, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi ci. Ga shi kuma maganin da ya wuni a tire cikin ranar bazara ba a san abin da ya saura a cikinsa ba, in ma na gaskiya ne tun asali. Mafi muni, yana sa hankalin mutanen gida ya kwanta, su ce ai tana shan magani, alhali ciwo na ci ta ciki.

Mai bin labarai zai ce ai an ji cewa akwai ƙwayar da ake ba kowace mai naƙuda. Gaskiya ne an gwada. A 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji da ya haɗa mata fiye da 29,000 a ƙasashe 7, cikinsu har da Kongo da Kenya da Zambiya, inda aka ba rabinsu giram 2 na azitromisin sau ɗaya lokacin naƙuda. Cikin waɗanda suka sha, mata 16 a 1000 ne cutar ta shiga jininsu ko suka rasu, cikin waɗanda ba su sha ba kuwa 24. Wannan ragi ne na a yaba. Amma ga jarirai ba a ga bambanci ba, kuma wani gwajin da aka yi kusa da mu, a Burkina Faso da Gambiya, kan mata kusan 12,000, shi ma bai nuna maganin ya rage mutuwar jarirai ko shigar cuta jininsu ba. Mu a Nijar mun san fuska biyun wannan magani: rabon da aka yi wa yara ƙanana a jihar Dosso, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya rage mutuwarsu da kimanin kashi 18 cikin 100, sai dai an kuma ga ƙwayoyin da ba su jin maganin sun ƙaru a garuruwan. Auna riba da hasara a irin wannan aikin hukumomin lafiya ne, kuma duk matan da aka gwada a kansu a gaban ma'aikata suka sha.

Tambayar da mata suka fi aiko wa malamai bayan haihuwa ita ce ta jinin biƙi: kwana nawa, yaushe za a koma salla. Amsar sananniya ce, a mazhabar Imamu Malik iyakarsa kwana 60, a wajen Hanafiyya da Hanbaliyya 40, kuma duk ranar da ya ɗauke sai a yi wanka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne halin jinin kansa. Idan ya soma wari, ko mara na ciwo in an taɓa, ko jiki ya yi zafi da makyarkyata, ko wurin ɗinki ya kumbura yana ruwa, wannan mas'ala ta bar zauren malam ta koma gidan likita, kuma a ranar. Kada a ce zafin ruwan wanka ne, ko zuwan nono ne, ko sanyi ya shige ta. Ya tabbata a hadisi cewa macen da ta rasu ta dalilin haihuwa tana cikin shahidai, kuma wannan bushara ce gare ta. Ba ta wanke wanda ya ga tana rawar ɗari kwana uku ya ƙi neman mota ba.

Shi jariri ba ya ba da dogon lokaci. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ya yi lakwas ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ya yi jijjiga, ko gindin cibiya ya yi ja yana fid da mugunya, maganinsa allura ce, ampisilin da jantamisin, gwargwadon nauyinsa. Ba a fasa kafson manya a jiƙa masa. Cibiya kuma a yanke ta da sabuwar reza, kada a sa mata toka ko man goge haƙori ko kashin shanu, in za a shafa wani abu to kulorheksidin da ma'aikata ke bayarwa, kuma a kiyaye kada ya kusanci ido. Tetanus da ke shiga ta cibiya rigakafinsa allurar da uwa ke karɓa wajen awon ciki ce, ba kafson da ke maye gurbinta.

Ga magidanta kuma, Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke kan miji na ciyarwa. Malaman da suka rubuta haka ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun ɗauki kula da mai haihuwa a matsayin haƙƙi. Da yawanmu kan fara tanadin ragon suna tun ciki na wata biyar, amma kuɗin motar dare sai an bi maƙwabta ana rance. Ana so a duba mai jego da jaririnta cikin awa 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, da kuma bayan mako 6. Dubawa ta uku takan faɗo daidai hidimar suna, lokacin da gida ya cika da baƙi, kowa na kallon jariri da tukunya, ba mai tambayar uwar yadda ta kwana. Maigida ya sa wannan rana cikin lissafinsa tun kafin a raba goro.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba wankan jego da kunun kanwa, da abin da likitocin zuciya suka gano game da su.