Ba kowane jan rubutu ne ke nufin wayarka ta mutu ba



Makon jiya wani bawan Allah ya shigo shagona ransa a ɓace. Wata manhajar share datti da ya sauke ce ta cika masa fuskar waya da jan rubutu, wai wayarsa tana cikin HATSARI. Saboda tsoro ya kai ta wani waje aka yi mata filashin, hotunan bikin ƙanwarsa duk suka tafi. Da ya faɗa min abin da ta rubuta, ashe tarin fayilolin wucin gadi ne kawai, waɗanda zai iya gogewa da kansa cikin minti ɗaya.

Shi ya sa nake so ka gane yadda saƙon matsala yake da mataki-mataki.

Wayarka ta Android tana rubuta duk abin da ke faruwa a cikinta, a wani kundi da ake kira logcat. Idan muka haɗa ta da kwamfuta za mu ga kowane layi da harafinsa. V da D bayanai ne na masu haɗa manhaja, I sanarwa ce kawai, W gargaɗi ne, E kuskure ne ya faru, F kuma shi ne wanda ke kashe aikin nan take. Wallahi ko sabuwar waya ka ciro daga kwali za ka ga layukan E suna wucewa, kuma tana aiki lafiya lau.

Wannan tsari ya girmi wayoyinmu. Syslog na Unix yana da matakai takwas, daga 0 zuwa 7, inda 0 ke nufin na'ura ta daina amfani. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: mai rubuta manhaja yana iya ƙirƙiro nasa matakin. A yaren C a kan Linux, fmtmsg yana da matakai huɗu, 1 zuwa 4, sai addseverity ya ba ka dama ka ƙara naka da lambar da ta wuce 4, ka raɗa masa sunan da kake so. A Python ma matakan suna tafiya ne 10, 20, har 50, kana iya saka naka a tsakani.

Kenan mutum ne ya zaɓi kalmar da kake gani, ba wayar ba.

Ni ban ce ƙara mataki laifi ne ba. Manhajar banki tana da hujjar ware mataki na musamman ga wanda ke ta gwada lambar sirri ba daidai ba. Laifin shi ne ka kira ƙaramin abu babba don mutum ya tsorata ya danna talla. Duk wanda aka saba yi wa ihun ƙarya, ranar da na gaskiya ya zo ba zai motsa ba. Na sha karɓar wayar da batirinta ya kumbura, mai ita ya ce ai ta daɗe tana cewa ta yi zafi, ya ɗauka irin surutun nan ne. Gyara a lokacin ya zama ihu bayan hari.

To, idan jan rubutu ya fito maka, duba daga ina ya fito. In wayar ce da kanta ta ce ta yi zafi, ko akwai danshi a wurin caji, ko ma'ajiya ta cika, kada ka yi wasa da shi. In kuwa wata manhaja ce ko shafin intanet ke maka barazana tana cewa danna nan, rufe ta kawai. Kuma kada ka yarda a yi maka filashin sai ka kwashe kayanka tukuna.

Ku kuma ƙannenmu masu koyon haɗa manhaja, ku ajiye ja don ranar da ake buƙatarsa.