Daga Oklahoma Zuwa Aliero: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A kakar wasannin 2023, 'yan matan Jami'ar Oklahoma da ke Amurka sun buga wasa 62 na softbol, suka ci 61, aka doke su sau ɗaya tak, sannan suka lallasa Jami'ar Jihar Florida a wasan ƙarshe suka ɗauki kofin ƙasa. Softbol wasa ne na mutum tara-tara, inda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, mai bugun ya zagaye fili da gudu. Wannan ƙungiya ta riƙe kofin shekara huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024.

Mai karatu a Jega ko Maiyama zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan kuwa akwai shi, domin nasarar ba sa'a ba ce. Mai horar da su, Patty Gasso, ta kama aiki tun kakar 1995, kuma ba ta ga kofin farko ba sai a 2000. Kafin ita ma, tun 1972 Amurka ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni. Doka, kasafi da haƙuri ne suka haifi kofin.

Najeriya ma ta ci moriyar wannan tsari. D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma da yawa daga 'yan wasanta a jami'o'in Amurka suka goge. Wato gonar wasu ce ke ciyar da ƙasar.

Ga shi kuwa yankin nan na da abin farawa. Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, Jega na da kwalejin kiwon lafiya, ga makarantun sakandaren 'yan mata a faɗin yankin. Gasar jami'o'i ta NUGA tana nan tun 1966. Abin da ya rage shi ne tsanin da zai ɗauki yarinya daga filin makarantarsu zuwa can.

Manomin albasa a Aliero ya san ba ranar kasuwa ake yafa iri ba. Sai ya yi reno, ya yi dashe, ya yi ban ruwa na watanni. Haka wasanni suke.

Don haka ya dace shugabannin ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama su haɗa kai su kafa gasar shekara-shekara ta 'yan matan sakandare a ƙwallon hannu, ƙwallon raga da tsere, wasannin da ba sa cin kuɗi da yawa. Jami'ar ta ba da fili, ɗaliban kwalejin Jega su kula da agajin gaggawa. Manyan makarantun kuma su bayyana nawa ake kashewa kan mata daga kuɗin wasannin da ɗalibai ke biya, tunda mace da namiji duk suna biya.

Damuwar iyaye kan sutura da cakuɗa abin dubawa ce, kuma tana da magani: fili mai katanga, mata masu horarwa, da tufafin da suka dace da addini da al'ada. FIFA ta amince da hijabi a 2014, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta bi sahu a 2017. A zauna da malamai da sarakuna tun farko, kada a sanar da su bayan an gama shiri.

Ko kofi bai zo da wuri ba, ribar na nan: lafiyar jiki, ladabi, da ƙarin dalilin da zai sa yarinya ta ci gaba da karatu. Hukumomi su sa wannan a kasafin baɗi, su kuma ba masu horarwa lokaci.