Kaktus: ƙishirwa ba ta kashe shi, yawan ruwa ke kashe shi

A Yamai da Maraɗi da Damagaram, akan ga wani ɗan tsiro mai ƙaya cikin tukunya, bisa teburin ma'aikaci ko a bakin kanti. Sunansa kaktus. Da yawa sun saye shi don an ce ba ya da wahalar kiwo, amma kafin wata 3 sai ya ruɓe. Laifin ba na tsiron ba ne, na mai ban ruwa ne.

Asalin kaktus nahiyar Amurka ne, kuma akwai wajen iri 1,500. Ƙananan da suka fi dacewa da tukunya su ne dangin Mammillaria, waɗanda mafi yawansu daga Meziko suke. Furensu yakan kewaye kansu kamar rawani. Ƙerana da tinya na ƙasarmu sun yi kama da shi, amma ba danginsa ba ne. Dangin aguwa ne, kuma farin ƙaronsu yana ƙona fata, yana lahanta ido.

Kaktus yana ajiye ruwa cikin jikinsa. Da rana yakan rufe kafofin numfashinsa don kada ruwan ya tsere, sai dare ya yi ya buɗe su. Saboda haka saiwarsa ba ta saba da laima ba, in ta daɗe a jiƙe sai ta ruɓe. Mai zuba masa ruwa kowace safiya, garin neman gira yake rasa ido.

Tukunyar ƙasa, irin ta Mirya ko ta Bubon, ta fi ta roba, muddin an huda gindinta. A haɗa ƙasa kashi 1 da rairayi mai tsakuwa kashi 1. Kada a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe har ƙasan tukunya: da bazara kamar bayan kwana 10, da ɗari sau 1 a wata. Da damina, musamman a watan Agusta, a shigar da shi inda ruwan sama ba ya dukansa. Yana son hantsi, amma ranar tsaka ta watan Afrilu tana ƙona ƙarami. Wanda aka bari cikin biro mai duhu kuwa yakan yi tsawo, ya rame, ya koɗe.

In ya yi ƴaƴa a gindi, sai a riƙe shi da jarida naɗaɗɗiya, a ɓalle ɗaya, a ajiye a inuwa mako 1 har raunin ya bushe, sannan a dasa.

Wannan hanya tana da wani amfani. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna kashi 31 cikin 100 na ire-iren kaktus suna fuskantar ɓacewa, kuma tono su daga daji don sayarwa na cikin manyan dalilai. Wanda ya karɓi ɗa daga tukunyar maƙwabci bai kashe ko dala ba, bai kuma rage wa daji komai ba.