An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ɗokin Sabuwar Windows da Kukan da ke Biyo Bayansa



Ya ku 'yan uwana matasa, maganata a yau kan wata ɗabi'a ce da ta zame mana jiki, wato ɗokin jiran sabuwar babbar manhajar kwamfuta, da kukan da ake ɓarkewa da shi duk lokacin da ta iso. Tun wajen 2023 ake yawo da hotuna da bidiyo na wata aba wai ita Windows 12, galibinsu masu zane ne suka zauna suka ƙirƙira daga tunaninsu, amma sai ka ga matashi ya tura wa abokansa yana cewa ga abin da ke tafe. Wani har ya fara jera buƙatu: a mayar masa da maɓallin Start inda yake a da, a rage talla, a ƙara sauri. Ni kuwa a ganina wannan ɗoki ba shi da tushe, kuma fushin da muke yi bayan an saki manhajar, mun bar jaki ne muna dukan taiki. Muna faɗa kan launi da wurin zaman maɓalli, alhali babbar tambayar ita ce, wa ke da ikon yanke hukuncin ranar da kwamfutarka mai lafiya za ta zama bola?

Mu koma baya kaɗan, domin mafi yawanku kuna ƙanana lokacin da aka yi wasan farko. A watan Oktoba na 2003, a wani taro da kamfanin Microsoft ya shirya wa masu gina manhaja a birnin Los Angeles na Amurka, an nuna wa duniya magajiyar Windows XP, wadda a lokacin ake kira Longhorn. Babban abin da aka kwaɗaitar da mutane da shi shi ne wani sabon tsarin adana bayanai mai suna WinFS, wanda aka ce zai sa mutum ya nemo kowace takarda ko hoto ta hanyar abin da ke cikinsa da alaƙarsa da sauran, ba tare da ya tuna jakar da ya ajiye shi ba. Mujallun kwamfuta suka yi ta kururuwa. Kafin shekara ta zagayo, a watan Agusta na 2004, kamfanin ya sanar cewa WinFS ba za ta zo tare da Longhorn ba, aka kuma ajiye akasarin aikin da aka yi aka sake ɗaura ɗamara daga wani tushe daban. A 2005 aka raɗa mata suna Vista, a 2006 aka binne WinFS gaba ɗaya, sannan Vista ta shiga kasuwa ranar 30 ga Janairu, 2007, sama da shekara biyar bayan XP.

To amma ba jinkirin ne ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ba. Tun a 2006, don kada kasuwa ta mutu yayin da ake jira, aka riƙa manna wa sababbin kwamfutoci wata 'yar takarda mai cewa Vista Capable, ma'ana wannan za ta iya ɗaukar Vista. Mutane suka saya da kuɗinsu. Da Vista ta fito sai suka tarar ashe kallon kitse suka yi wa rogo: da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci ƙaramin nau'inta kawai suke iya ɗauka yadda ya kamata, wanda ba shi da fuskar nan mai sheƙi kamar gilashi da ake kira Aero, wadda ita ce aka yi ta tallatawa. Aka kai ƙara kotu a Seattle a 2007. Wasiƙun cikin gida da shari'ar ta bankaɗo sun nuna cewa an sassauta sharaɗin samun takardar ne har ta haɗa da wani tsohon kayan Intel mai lamba 915. Har wani mataimakin shugaban kamfanin, Mike Nash, ya rubuta wa abokan aikinsa yana kukan cewa shi ma ya sayi kwamfuta ta dala 2,100 ta tashi ba ta da wani amfani sai aika saƙon imel. Idan na cikin gida ya faɗa ramin, ina ga ni da kai?

Na Windows 8 ba sai na ja ba. An cire maɓallin Start a 2012, duniya ta yi ca, aka mayar da shi a 2013. Wannan shi ne irin kukan da kamfani ke saurin saurara, domin share hawayen mai shi ba ya cin ko sisin kwabo.

Sai Windows 10 a Yulin 2015, wadda aka raba kyauta ga masu Windows 7 da 8.1, har wani ma'aikacin kamfanin, Jerry Nixon, ya faɗa a bainar jama'a a wannan shekara cewa ita ce Windows ta ƙarshe, daga nan sai dai a yi ta sabunta ta. Mutane suka riƙe maganar. Shekara shida bayan haka, ranar 24 ga Yuni, 2021, aka sanar da Windows 11. A nan nake son mai karatu ya tsaya ya nutsu, don nan ne abin ya shafe mu kai tsaye.

Windows 11 ta zo da sharuɗɗa. Ana buƙatar wani ɗan sashe na tsaro mai suna TPM 2.0, wanda aikinsa adana makullan sirri. Wannan da sauƙi, domin kwamfutoci da yawa suna da shi a cikin furosesa, a kashe kawai yake, sai an shiga BIOS an kunna. Sharaɗin da ya karya ƙashin bayan mutane shi ne na furosesa kanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta: a ɓangaren Intel sai zubi na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017, a ɓangaren AMD kuma sai Ryzen 2000 zuwa sama. Manhajar da aka bayar don mutum ya gwada kwamfutarsa, PC Health Check, cewa kawai take ba ka cancanta ba, ba ta faɗin dalili, har sai da aka janye ta cikin 'yan kwanaki aka gyara. A watan Agusta na wannan shekara kamfanin ya ce ya sake nazarin zubi na bakwai, ya kuma yafe wa 'yan ƙalilan, ciki har da Core i7-7820HQ. Wace kwamfuta ce ke amfani da wannan furosesa? Surface Studio 2, wadda Microsoft da kansa ya ƙera yake sayarwa da tsada a lokacin. Ban ce komai ba, mai hankali ya auna.

Yanzu ɗan uwa ka leƙa kasuwar Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ka dubi irin kwamfutocin da ɗalibi ke iya saye. Na hannu ne da kamfanonin Turai da Amurka suka gama da su: HP EliteBook 840 G3, Lenovo ThinkPad T470, da ire-irensu, masu zubi na shida da na bakwai. Kwamfutoci ne masu ƙarfi da juriya, suna buɗe Maktabatush Shamila da dubban littattafanta ba tare da tari ba, ana rubuta kundin digiri da su, ana koyon gina manhaja a kansu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 facin tsaro na kyauta da aka saba, kuma waɗannan kwamfutoci ba su cikin waɗanda aka yarda su hau Windows 11. Ba abin da ya lalace a jikinsu. An dai zauna a Redmond an ja layi, suka faɗo a bayansa.

Na san abin da masu kare kamfanin za su ce, kuma ba zan yi musu rashin adalci ba. Za su ce tsaro ne, kuma tsaro ba wasa ba ne. Gaskiya ne. A watan Mayu na 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila har aka soke ganin marasa lafiya, kuma ta bi ne ta wata kafa da aka riga aka fitar da facinta amma mutane ba su ɗora ba. Za su kuma ce ba kamfanin da zai ci gaba da kula da tsohon kaya har abada, shekara goma ai an yi ƙoƙari. Wannan ma magana ce. Amma ga tambayata: idan har kula da Windows 10 ya gagara, me ya sa ake sayar da shi? Domin facin nan ba a daina yin sa ba. Kamfanin ya sanar da tsarin ƙarin wa'adi, inda ma'aikatu za su biya dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin ya riƙa ninkawa duk shekara har shekara uku. Ga mutum ɗaya kuma aka ce ya biya dala 30, ko ya ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ya yarda ya haɗa saitin kwamfutarsa da rumbun kamfanin a intanet, a ba shi shekara guda. Faci yana nan a ajiye ke nan, an dai sa masa ƙofa da mai gadi.

Abin da ya fi ba ni takaici kuma ya fi ba ni darasi shi ne abin da ya faru a Turai. Ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta Euroconsumers ta matsa lamba, tana kafa hujja da dokokin Tarayyar Turai, sai ga shi a watan Satumba na 2025 an cire wa mazauna yankin sharaɗin haɗa saiti da rumbu, aka ba su shekarar kyauta muddin suna da asusun kamfanin. Su sun san inda ake kai kuka. Mu kuwa, da abin ya fi shafa saboda mu ne masu tsofaffin kwamfutoci, muna can muna gardama kan ko maɓallin Start ya fi kyau a tsakiya ko a hagu.

Kuma duk sabon zubi da abin da yake karɓa a hannunka a madadin abin da ya ba ka. Windows 11 Home ba ta yarda a gama saita ta bisa ƙa'ida sai da intanet da asusun Microsoft, abin da ba komai ba ne ga mai layin intanet a gida, amma nauyi ne ga wanda ke auna data da cokali. A watan Mayu na 2024 aka gabatar da Recall, wata dabara da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka bayan kowane ɗan lokaci tana adanawa, wai don ka iya tuna abin da ka yi jiya. Masana tsaro suka nuna cewa rumbun hotunan a buɗe yake ga duk ɓarawon da ya samu shiga, sai aka ɗage fitar da ita, aka ƙara mata kariya, aka mayar da ita sai wanda ya kunna da kansa. Madalla da gyaran. Amma ka tuna cewa da farko a kunne aka yi niyyar kawo ta. Wanda ke riƙe da amanar mutane a kwamfutarsa, sakamakon ɗalibai ne ko wasiƙun iyali ko sirrin wanda ya zo neman shawara, bai kamata ya yi maraba da irin wannan baƙo da ido rufe ba.

Sannan ga ɓarna. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan layi da aka ja. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa. Sanin kowa ne cewa wani kaso na irin wannan kaya tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Yamma yake sauka da sunan gwanjo, wanda ya mutu a cikinsa kuma yara su ƙona wayoyinsa don neman tagulla, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbloshie ta birnin Accra kafin a rushe wurin a 2021. Mu da aka tarbiyyantar kan ƙyamar almubazzaranci ko da a ruwan alwala ne, ban ga yadda za mu tafa wa jefar da kayan aiki mai lafiya ba.

Ina kuma da magana da 'yan uwanmu masu sayar da kwamfuta. Akwai hanyoyin da ake bi a tsallake sharuɗɗan a ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma tana tashi ta yi aiki. Wanda ya yi wa tasa da saninsa, ruwansa. Amma ka ɗora ta haka, ka nuna wa ɗalibi fuskarta ka ce ai ga shi tana ɗaukar 11, ka ƙara kuɗi, ba tare da ka gaya masa cewa kamfanin ya faɗa ƙarara bai ɗauki alhakin ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba, wannan algus ne, ɓoye aibin haja ne, kuma takardar Vista Capable ce ka sake mannawa da hannunka. Ƙofar da aka bi ma tana iya rufewa, domin zubin 24H2 na 2024 ya ƙi tashi sam a kan wasu tsofaffin furosesa da a baya ake lallaɓawa.

Mai tsohuwar kwamfuta ba dole ne ya zauna jiran abin da za a yanke masa ba. Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, halal ne a kwafa a raba, suna gudu lafiya a kan zubi na shida da ma ƙasa da haka, kuma Linux Mint 22 an yi alkawarin kula da ita har 2029. LibreOffice tana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, akwai kuma tsarin allon rubutu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Ba zan ɓoye maka ba, wasu manhajojin da aka gina don Windows kaɗai ba za su yi aiki kai tsaye ba, saboda haka ka fara jera waɗanda ba ka iya rabuwa da su, ka gwada tsarin daga filashi kafin ka goge komai.

Wanda kuma zai shiga kasuwa yana son Windows 11 ta halaliya, kada ya dubi fuskar allo, ya dubi lambar furosesa. Idan ka ga i5-6300U, lambar farko bayan karan ɗori ita ce zubin, wato na shida, ba ta ciki. i5-7200U na bakwai ne, ita ma ba ta ciki. Daga i5-8250U ne aka fara shiga. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Ka sa mai shago ya buɗe maka wannan shafi a gabanka ka karanta da idonka kafin ka ƙirga masa kuɗi.