Wankin Ciki Ba Shi Ne Kaɗai Hanya Ba

Jama'a, gwaggona ta shekara 6 da ɗaukewar al'ada, sai ga jini ya dawo mata. Abin da ta fara yi shi ne aika tambaya wurin malami: ta yi salla ko ta dakata? Aka ce istihala ce, ta ci gaba da sallarta. Shi ke nan, wata 4 tana fama, babu wanda ya ce mata "Hajiya, a je asibiti."

Da muka kai ta wani asibitin kuɗi, aka ce wankin ciki za a yi. Aka sa ta barci, aka kankare, muka biya, muka dawo gida. Bayan mako biyu na koma karɓar sakamakon abin da aka kankaro. Wai an zubar! Wallahi ranar rasa abin faɗa na yi.

Duk macen da ta ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ta haura 45 jininta ya rikice, ana son a ɗebi ɗan naman bangon mahaifarta a duba a ɗakin gwaji. Mafi yawanci ba kansa ba ce, amma kusan duk mai kansar bangon mahaifa da jinin take fara gani. Mai ƙiba ko ciwon suga ta fi shiga haɗari.

A asibitin koyarwa na fara ganin Pipelle. Ɗan siririn bututun roba ne, kaurinsa kamar milimita 3. Likita ta zura ta bakin mahaifa, ta ja sandar cikinsa, ya tsotso naman. Minti kaɗan, ba allurar barci, ba kwanciya. Gwaggo ta ce kamar ciwon mara ne, ta tashi da ƙafarta muka hau adaidaita.

Ba wai ba shi da aibi ba. A makance ake ɗiba, don haka idan ɗan tsiro ne a lungu guda yana iya tsallake shi. Tsofaffi kuma bangon kan yi siriri, wani lokaci abin da aka samo ba ya isa gwaji. To amma ai wankin cikin ma a makance ake yi, ga haɗarin huda mahaifa ko bangonta ya manne daga baya, ga tsada. Wanda ake gani da ido shi ne a shiga da 'yar kyamara, a ga wurin, a ɗebo daidai nan. Ya fi duka, sai dai ba kowane gari ake samunsa ba.

Ni a ganina, a fara da hoton mahaifa da Pipelle. In naman bai isa ba, ko jinin ya ƙi tsayawa duk da sakamako mai kyau, a wuce ga kyamara. Wankin ciki a bar shi ga inda babu waɗannan, ko jini ya ɓalle ana neman tsayar da shi. Kuma ko wanne aka yi, 'yar'uwa, kar ki bar asibiti sai kin ga kwalbar da aka sa naman da takardar tura shi gwaji.

Sakamakon gwaggo ya fito: bangon ne ya yi kauri fiye da kima, bai kai ga kansa ba. An ɗora ta kan magani, za mu koma a sake ɗiba. A sa ta a addu'a.