Mun iya saka fuskar dariya, saura ƙugiyar Hausa



Masu aiki da kwamfuta a cikinmu, a ofisoshi da shagunan buga takardu na Legas, Ibadan da Fatakwal, sun san saka emoji ba shi da wuya. A Windows 10 da 11, a riƙe maɓallin Windows a danna aya, akwatin emoji zai buɗe. A Mac kuwa, a haɗa Control da Command da Space. Shi ke nan, ga fuskar dariya, ga zuciya, ga tutoci.

Ba mu ga laifin wannan ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda muke ƙawata saƙo da emoji, amma mu bar haruffanmu babu ƙugiya. Sai ka ga sanarwar ƙungiya ta ce "za a karbi baki a daki". Baki ko baƙi? Kasa da ƙasa ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa. Babba zai gane daga zancen. Yaron da aka haifa a Sabo ko Agege, wanda Yarbanci da Turanci suka fi yawa a kunnensa, yadda ya gani a rubuce haka zai karanta.

Tsarin Unicode, wanda ya karɓi emoji a shekarar 2010, ya ba haruffanmu lambobinsu tun kafin nan. A Microsoft Word, rubuta 0253 ka danna Alt da X, ɓ zai fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ƙ kuma 0199. Manyansu: 0181 na Ɓ, 018A na Ɗ, 0198 na Ƙ. Wanda haddar lamba ta yi wa nauyi, Windows na da allon rubutun Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space. A waya ma Gboard na da Hausa.

Muna kira ga sakatarorin rassa da masu buga katin biki da takardun gayyata su rubuta lambobin nan su manna kusa da kwamfuta. Hannun da ya saba da hanyar emoji, mako guda ya ishe shi sabawa da ƙugiya. Idan mu masu harshen muka yi sakaci da rubutunsa a nan kudu, wa zai gyara wa 'ya'yanmu?

Allah ya taimake mu.